Daga Lasisi zuwa Jinin Yara: Sauyin Ma'aunin Ɗa'a a Kasuwancin Zinaren Yammacin Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda annobar gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta faɗaɗa abin da al'umma ke tsammani daga masu hulɗa da zinare. An dogara ga rahotannin ƙungiyar likitoci ta MSF, da cibiyar CDC ta Amurka, da Human Rights Watch, tare da dokokin ma'adinai. Binciken ya nuna cewa ƙa'idojin sun yi nisa a takarda, amma har yanzu ba su kai ga gidan da ake niƙa dutse ba.

Gabatarwa

A da, idan an ce kamfani ya bi ƙa'ida, ana nufin yana da lasisi kuma ya biya haraji. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗan ƙara a kan haka, domin ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Sai dai an tsara dokar ne da tunanin kamfani mai ofis da rajista. Zinaren yankin Anka, Bukkuyum da Gummi kuwa mafi yawansa ƙananan masu haƙa ne ke fito da shi, dillalai su saya, ya bi hannu da hannu har ya bar ƙasar.

Abin da ya faru a 2010

Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya tashi, manoma da yawa suka koma ramuka. Dutsen da suke haƙowa yana cike da dalma. Ana kawo shi cikin gari, a farfasa shi da guduma, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, wani lokaci a daka a turmi, sannan a wanke garin a kama zinaren da zaiba. Duk wannan a tsakar gida ake yi, inda mata ke shanya hatsi, yara na rarrafe suna kai hannu baka. Ƙurar da ba ta kayar da babba nan take ita ce ta riƙa jefa ƙananan yara cikin jijjiga da suma.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan MSF suka lura da yawan mace-macen. Aƙalla yara 400 suka rasu. Binciken CDC a ƙauyuka biyu ya gano cewa kusan kashi 25 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na lokacin 400 ne. Don kawar da gubar, an fara kankare ƙasar gidaje a ƙauyukan Dareta da Yargalma, daga baya aka yi Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013.

Wannan jiran yana da muhimmanci ga batunmu. Likitoci ba sa fara ba yaro maganin fitar da dalma alhali zai koma gidan da ba a tsaftace ba, don haka jinkirin kuɗi jinkirin magani ne. Gwamnatin tarayya ba ta saki kuɗin tsaftace Bagega ba sai a farkon 2013, bayan matsin Human Rights Watch da gangamin ceto Bagega da Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money suka yi a kafafen sada zumunta. Matsin jama'a ne ya motsa hukuma, ba wani sashe na doka ba.

Sabon ma'auni da inda ya tsaya

A daidai wannan lokaci duniya ma tana sauya tunani. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam, ƙungiyar OECD ta fitar da jagoran binciken asalin ma'adinai, ta ƙara babin zinare a 2012. Dokar Tarayyar Turai a kan haka ta fara aiki a 2021. Ma'anar duka ita ce, mai saye ba zai ƙara cewa bai san daga ina kayan suka fito ba. Jami'in bin ƙa'ida a matatar zinare yanzu aikinsa ya haɗa da tambayar wane rami, wa ya haƙa, wa ya karɓi kuɗin hanya.

A nan ne nake ganin giɓi. Waɗannan ƙa'idoji sun fi damuwa da kuɗin da ke shiga hannun masu makamai da halatta kuɗin haram. Damuwa ce mai tushe, musamman a Zamfara, inda gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Afrilun 2019 saboda 'yan bindiga, ba ta ɗage ba sai Disambar 2024. Amma zinare zai iya tsallake duk waɗannan tambayoyi alhali an niƙa dutsensa kusa da tukunyar tuwo. Yarjejeniyar Minamata ma zaiba ta nufa, ba dalma ba. Kuma idan matata mai tsoron ɓacin suna ta daina sayen zinaren ƙananan masu haƙa gaba ɗaya, aikin ba ya tsayawa. Yana komawa hannun masu fasa-ƙwauri, waɗanda ba sa tambayar komai. Aukuwar irin wannan annoba a Shikira ta Jihar Neja a 2015 ta nuna darasin bai yaɗu ba.

Abin da ke rage gubar an san shi: fitar da niƙa daga cikin gari, jiƙa dutse don kada ƙura ta tashi, wanka da sauya tufafi kafin a koma gida. Maƙalar na ba da shawarar a sanya waɗannan cikin sharuɗɗan duk wani shirin sayen zinare na hukuma, irin PAGMI, a riƙa gwada ƙasar gidaje da jinin yara a kai a kai, a kuma karanta sakamakon da Hausa a gaban hakimai da dagatai na masarautun Anka, Bukkuyum da Gummi, domin su ne masu ikon hana a kafa injin niƙa a cikin unguwa.