Ƙanƙara da Ƙwaƙwalwa: Yadda Aka Soma Sanyaya Wanda Zuciyarsa Ta Tsaya

Tun shekarar 2021, sa'ad da likitocin Suwidin biyu, Josef Dankiewicz da Niklas Nielsen, suka bayyana sakamakon gwajin da suka jagoranta a kan majinyata wajen 1,900, saɓani bai kwanta ba tsakanin malaman likitanci game da wata mas'ala da aka zaci an yi ijma'i a kanta, wato sanyaya jikin mutumin da zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da ita, alhali shi yana cikin doguwar suma. Rabin waɗanda aka sanyaya zuwa digiri 33 sun rasu cikin wata shida, kazalika kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka bari da ɗuminsu aka tsare su daga zazzaɓi kurum, kuma wannan tazara ba ta isa a kafa hujja da ita ba.

Asalin al'amarin daɗaɗɗe ne. Ana jingina wa hakimin Girka, wanda Larabawa ke kira Buƙraɗ, cewa yakan sa wa masu rauni ƙanƙara. Ana kuma ruwaito cewa Larrey, likitan rundunar Napoleon, ya lura sojojin da aka kwantar daf da wuta sun riga na nesa cikawa. A 1938 Temple Fay na Filadelfiya ya soma sanyaya masu ciwon daji, sai dai ta'asar da likitocin Nazi suka yi wa fursunoni da ruwan ƙanƙara a Dachau ta shafa wa fannin baƙin jini. A 1958 da 1959 aka jarraba sanyaya jiki a asibitin Johns Hopkins ga waɗanda zuciyarsu ta tsaya, Peter Safar ma ya sa shi cikin ƙa'idojinsa na farfaɗo da mutum a farkon shekarun 1960, amma da yake an zurfafa sanyin fiye da kima, sai zubar jini da ciwon huhu da rikicewar bugun zuciya suka biyo baya, aka jingine shi.

Ɓeraye da karnuka ne suka dawo da shi. A 1987 masu bincike a Miami suka nuna cewa ragin digiri biyu ko uku kacal yana kare ƙwaƙwalwar ɓera, domin kowane digiri ɗaya yana rage buƙatarta ga iskar oksijin da misalin kashi 6 cikin ɗari, yana kuma sassauta ɓarnar da ke ci gaba bayan jini ya komo mata. Sa'an nan ran 21 ga Fabrairu 2002 mujallar New England Journal of Medicine ta buga bincike biyu a fitowa guda. Na Turai, wanda Fritz Sterz da almajiransa na Biyana suka shirya a kan mutum 275, ya sami kashi 55 sun tashi da hankalinsu, daura da 39 cikin waɗanda ba a sanyaya ba. Na Stephen Bernard a Melbourne mutum 77 ne kawai, kayan aikinsa kuwa ledojin ƙanƙara ne da ake jerawa a kai da wuya da ƙirji da gaɓoɓi, a ba majinyaci maganin da zai hana shi makyarkyata, a bar shi sa'a 12 a haka. A 2003 aka mai da abin fatawa ga asibitocin duniya, da gaggawar da ni dai nake ganin ta wuce ƙarfin hujjar.

Ra'ayina, wanda na san wasu manya ba su yarda da shi ba, shi ne cewa zazzaɓi ne abokin gaba tun farko, kasancewar da yawa daga waɗanda ba a sanyaya ba a gwajin Turai an bar jikinsu ya yi zafi, ta yadda aka auna sanyi da masassara, ba da ɗumin lafiya ba. Shi ya sa da Nielsen ya gwada digiri 33 da 36 a kan mutum 939 a 2013, bai ga bambanci ba. Masu jayayya suna cewa jinkiri ne illar, tunda karen gwaji cikin mintoci ake sanyaya shi, mutum kuwa sai bayan sa'o'i. Magana ce mai ma'ana, amma an jarraba ɗura ruwan sanyi a jijiya tun cikin motar asibiti a Seattle, sakamakon 2014 bai nuna fa'ida ba, sai ma ƙaruwar waɗanda zuciyarsu ta sake tsayawa. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce gwajin Faransa na 2019, inda kashi 10 na waɗanda aka sanyaya suka warke daura da 6 na waɗanda ba a sanyaya ba, kuma ba zan yi musun sa ba, illa dai adadin masu tsiran ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa.

Ƙa'idar Turai ta 2022 ta tsaya a kan cewa a riƙa auna zafin jikin majinyaci ba yankewa, kada a bari ya haura digiri 37.7 har tsawon sa'a 72, wanda kuma aka kawo shi da ɗan sanyi a jiki kada a yi gaggawar ɗumama shi.