Saɓanin Luther da Fadar Paparoma

A shekarar 1517 ta Miladiyya, sa'ad da wakilan Paparoma Leo na Goma suke zaga garuruwan Jamus suna sayar da takardun sassaucin azaba domin ginin majami'ar Bitrus a birnin Rum, wani malamin jami'ar Wittenberg mai suna Martin Luther ya rubuta mas'aloli 95 yana inkarin wannan ciniki. Amma lalle jayayyar ta wuce batun kuɗi, gama asalinta shi ne wanda yake da hurumin tafsirin Littafi Mai Tsarki. Luther ya kafe cewa nassi kaɗai ne hujja, har a majalisar Worms ta 1521, a gaban Sarki Charles na Biyar, ya ƙi janye kalamansa sai in an kawo masa dalili daga nassi ko daga hankali. Da aka ɓoye shi a Wartburg kuwa, sai ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, domin manomi ya karanta da kansa.

Ikilisiyar Katolika kuwa ba ta yi gaggawar kiran majalisa kan wannan batu ba. Sai a 1546 majalisar Trent ta zartar cewa abin da aka gada daga manzanni baki da baki darajarsa ɗaya da rubutacce, tafsiri kuma haƙƙin Ikilisiya ne.