Yadi 440: Yadda Sauro Ya Shiga Taswirar Kaduna

'Yan uwa marubuta, mai son rubuta labarin Kakuri ko Makera ya fara sanin sauro.

A 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro a Indiya. Macen ce ke cizo. Tana zuba ƙwai a kwantaccen ruwa, su zama tsutsa, cikin kwana goma ko makamancin haka su yi fiffike. Maganin a fili yake: a cike ramuka, a yashe lambatu.

Amma da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, wata dabarar ta fi rinjaye. Likitocin Turawa sun ɗauka cewa a jikin yaran 'yan ƙasa sauro ke ɗebo cutar, don haka tsarin birane na zamanin Gwamna Lugga ya tanadi fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta sauran jama'a. Wai sauro ba zai tsallaka ba! Alhali yana iya tafiyar fiye da kilomita guda.

Unguwar Turawa na arewacin kogi. Kudu kuwa ta zama ta tashar jirgin ƙasa da leburori, daga baya masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, ma'aikata suka yi ta kwararowa, gidajen haya suka cunkushe. A ganina, waccan doka ba ta rage sauro ko ɗaya ba, ta dai zaɓi wanda za a bari ya ciza.