Jar Dara da Tumakinmu

Duk ranar hawan Sallah a Talata Mafara, ko Bakura, ko fadar Sarkin Kayan Maradun, sai ka ga jar dara tana leƙowa daga ƙarƙashin rawani. Mun daɗe da ita har ta zama tamu, amma asalinta Tunis ne. Musulmin Andalus da aka kora daga Sifaniya wajen 1609 su suka raya sana'ar a can, fatake kuma suka riƙa kawo ta Kano ta Gadamas da Agadas, daga nan ta bazu zuwa ƙasar Zamfara.

Aikinta ya fi ƙarfin allura. Mata kan saƙa wata ƙatuwar hula sako-sako da zaren ulu, sannan a jiƙa ta da ruwa da sabulu a yi ta bugu har ta tsuke, saƙar ta ɓace, ta koma dunƙule guda. Bayan haka a taje ta da ƙayar wani tsiro, a rina, a ɗora a kan wani abu mai siffar kai ta ɗauki siffarsa.

Na koyi matakin tsukewar da ulun da aka kawo mini daga Kano. Ana shimfiɗa shi sirara-sirara, wani a tsaye wani a gicciye, a yayyafa ruwan ɗumi da sabulun salo, a shafa a hankali. Gaggawa ce ke ɓata wa sabon shiga aiki, don sai gashin ya kama juna kafin a fara murza da ƙarfi. Kowane sili yana da ƙananan ɓawo kamar na kifi, su ne ke sarƙewa. Abin kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Da na gwada da gashin uda, sai ya watse a ruwa. Uda da balami da 'yankasa tumakin nama da layya ne, gashinsu kaushi ne da shi, ba ya kamawa. A ganina wannan ne ya hana sana'ar zama a nan, ba rashin gwaninta ba. Allah ya ba mu auduga, sai hannu ya tafi ga kaɗi da saƙa da rini. Abin ulu kuwa, dara da mulufin adon doki, sayensu kakanninmu suka yi ta yi da tsada daga hannun fatake.