Yadda aka tilasta wa kwamfutoci bin ƙofa ɗaya

A watan Nuwamba na 1988 wani ɗalibin jami'ar Cornell a Amurka, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai kwafin kanta, ta bi layukan intanet ta durƙusar da dubban kwamfutoci. Bayan wannan ne masu kula da na'urori suka ɗauki batun katangar tsaro da gaske. Katangun farko tambaya uku kawai suke yi wa saƙo: daga ina, zuwa ina, ta wace ƙofa. Abin da ya ɗauko ba ruwansu.

Marcus Ranum, wanda ya yi aiki a kamfanin DEC sannan TIS, ya bi wata hanya. A tsarinsa kwamfutar ofis ba ta magana da waje sam, sai dai ta aiki wata na'ura a tsakiya, wato furoksi, ita ta je ta karɓo mata. A 1993 TIS ta saki Firewall Toolkit ga mai so. A wancan lokaci ba sai an tilasta wa kowa bin furoksi ba, tunda babu wata mafita.

Shekarar 1994 ce ta canza lamarin. Kamfanin Check Point na Isra'ila ya fito da FireWall-1, mai tuna kowace hira da aka buɗe daga ciki, ya bar amsarta ta dawo. Ya fi sauri, kowa ya so shi, kuma kowace kwamfuta ta samu damar fita da kanta. Furoksi ya koma wani saiti a cikin burauza da yaro ma zai iya cirewa.

Amma ba a iya rabuwa da shi ba, domin yana ajiye kwafin shafuka. Squid, furoksin da Duane Wessels ya jagoranta daga 1996, shi na fara sani a wani shagon intanet a Kano farkon shekarun 2000, lokacin da muke rayuwa kan faifan VSAT mai tsadar gaske. Shafin da mutum ɗaya ya buɗe, na bayansa daga cikin shago zai same shi. Sai wani ya goge saitin don ya sauke fim, layin kowa ya tsaya cak. Ganuwa ce mai mai gadi a ƙofa, ga kuma gibi a gefe.

Maganin dokoki uku ne a katangar, kuma jerinsu na da muhimmanci, domin daga sama take karantawa, ta tsaya a kan ta farko da ta dace. A bar furoksi ya fita ta ƙofa 80 da 443. A bar kwamfutocin ciki su isa gare shi ta 3128. A toshe sauran. Daga baya muka riƙa amfani da iptables na Linux muna karkatar da komai zuwa Squid ba tare da taɓa burauza ba.

Yanzu yawancin shafuka a kulle suke da HTTPS, musamman tun da Let's Encrypt ta fara ba da takardar shaida kyauta a 2015. Furoksi sunan shafi kawai yake gani. Wasu ma'aikatu kan dasa tasu takardar a kwamfutocin ma'aikata don su buɗe saƙon su karanta. Ni ban yarda a yi haka ba sai an sanar da mutane a rubuce, kuma an keɓe shafukan banki da na asibiti.