Cutar Agana da Yanayin Shekara a Yankin Nguru da Gashua

Agana cuta ce da ƙwayar variola ke haddasawa. Tana yaɗuwa ta numfashi da cuɗanya da majinyaci ko tufafinsa, kuma nau'inta mai tsanani yakan kashe kusan mutum 3 cikin 10 da suka kamu.

A yankin Sahel, wanda ya haɗa da Nguru da Gashua a arewacin jihar Yobe ta yau, a da cutar takan tsananta da rani, daga hunturu zuwa bazara, sannan ta lafa da damina. Ƙwayar ta fi daɗewa a busasshiyar iska mai sanyi, danshi kuwa yana rage mata ƙarfi. Bayan girbi kuma fatake da 'yan cin rani sukan kama hanya. Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tsaya tun 1930, mahaɗar matafiya ce, yayin da fadamun Haɗeja-Nguru da kogin Komadugu Yobe da ke gefen Gashua ke tara makiyaya da masunta. Da damina manoma na gona, hanyoyi sun yanke, sai cuɗanya ta ragu.

Shirin kawar da agana a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wanda ya fara a 1967, ya yi amfani da wannan lafawar: a ƙarshen damina aka bi ragowar masu cutar, aka yi wa makusantansu lamba. An ga majinyata na ƙarshe a Nijeriya a 1970, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana kawar da cutar ranar 8 ga Mayu, 1980.

Ƙyanda da sanƙarau har yanzu da rani suke tsananta, don haka ya kamata a kammala wa yara rigakafi kafin shigowar hunturu.