Fayint da Giram: Tarihin Ma'aunai Biyu da Ruwa Ya Haɗa

Ɗalibi kan tambaya, giram nawa ne a cikin fayint ɗaya? Tambayar ba ta da amsa guda, domin fayint yana auna yawan wurin da abu ya cike ne, kamar yadda mudu ko tiya ke yi a kasuwa, shi kuwa giram nauyi yake aunawa, kamar sikeli. Mudun gero da mudun auduga ba su taɓa yin nauyi ɗaya ba. Abin da ya haɗa ma'aunan biyu a tarihi shi ne ruwa.

Faransa ce ta fara. Bayan juyin juya hali, dokar shekarar 1795 ta ƙayyade giram da nauyin ruwan da zai cika ɗan akwati mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Daga nan lita ɗaya ta ruwa ta zama kilo ɗaya, lissafin kuma ya koma goma-goma. A 1875 ƙasashe 17 suka rattaba hannu a birnin Paris kan yarjejeniyar mita, tsarin ya ƙara bazuwa a duniya.

Ingila kuwa ta daɗe da galan iri-iri: na giya daban, na hatsi daban. Dokar 1824 ta soke su, ta tsayar da galan ɗaya, wato wurin da laba 10 ta tataccen ruwa za ta cike. Fayint shi ne kashi ɗaya cikin takwas na galan, don haka fayint na ruwa ya zama laba ɗaya da kwata, kimanin giram 567, girmansa kuma mililita 568. Amurka, wadda ta riga ta sami 'yanci, ta riƙe tsohon galan na zamanin Sarauniya Anne, shi ya sa fayint ɗinta bai wuce mililita 473 ba. Sai a 1959 ƙasashen da ke amfani da Ingilishi suka amince cewa laba ɗaya giram 453.59237 ce.

Mulkin mallaka ya kawo wannan rabuwa har ƙasar Hausa. Nijar ta gaji lita da kilo daga Faransa, Najeriya da Ghana suka gaji galan da laba daga Ingila, kafin su koma tsarin mita a shekarun 1970.

Kuskure a nan yana iya jawo asarar rai. A watan Yulin 1983, man wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya ƙare a sararin sama, saboda an lissafa man da laba alhali kilo ake nufi, aka zuba ƙasa da rabin abin da ake buƙata. Da ƙyar matuƙan suka saukar da shi a Gimli, babu wanda ya rasu.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya juya fayint zuwa giram, sai ya tantance abu biyu: fayint na Ingila ne ko na Amurka, kuma mene ne a cikinsa. Fayint na Ingila na man girki kimanin giram 520 ne, na zuma kuwa ya kai kimanin 800.